Kilishina a Gaban Madubi

Ana idar da sallar asuba na kama hanyar filin jirgin Kano, da ƙullin kilishi na tsaraba. Kafin magariba ina Abidjan, a gidan yayana da ke Adjamé, inda ya tsufa yana sana'ar nama.

Ko ruwa ban gama sha ba ya zazzage mini damuwarsa. Wai 'yarsa ta buɗe ɗakin hoto a Treichville, amma ba ta ɗaukar mutane, sai madubai da kwalabe. Ya ce in je in gano masa, in shirme ne ƙarshen wata zai sa a rufe wurin.

Washegari na sha babbar riga, don ko banza ai za a ɗauke ni. Na shiga gbaka, ƙaramar bas ɗinsu, daga 220 Logements zuwa Indénié, kwandasta na lilo a ƙofa. Daga nan tasi ta haye da ni gada zuwa Treichville. A bakin titi na ci acheke, dambun rogonsu, da soyayyen kifi, ba tsada, amma barkonon ya sa ni hawaye.

Ɗakin nata duhu ne, fitila ɗaya, madubai uku a jingine. Ta gaishe ni da Hausarta mai haɗe da Faransanci, ta buɗe kasonta na kilishi, ta ɗaga falle guda.

"Baffa, rigar ta yi kyau, amma wannan nake so."

Wallahi na ji haushi. Ta rataye shi da zare, ta haska fitila ta bayansa, ta yi ta gusa madubi kaɗan-kaɗan har ƙafata ta gaji. Da hoton ya fito, sai ga ja kamar garwashi, layi-layi, ya ninku ta ko'ina. Ni kaina ban gane kilishina ba.

Na kai wa yayana hoton. Ya daɗe yana kallo, yana bin layukan da yatsa.

"Cinyar bijimi ce wannan," in ji shi. "Wanda ya yanka ya iya wuƙa. Ita ta ga haka?"

Na ce ita ce. Sai ya ce ta buga masa babba, a rumfarsa zai kafa. Maganar rufewa ba ta sake tashi ba.

Na dawo Kano lafiya, na kuma koyi daina kiran abu shirme kafin in tsaya in kalla. Ni dai da babbar rigata ko hoto ɗaya ba mu samu ba, amma yarinyar tana nan da mukullin ɗakin hotonta.