Tsadar Turawa a Farantin Baba

Ranar wata Juma'a, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, Baba ya ɗora mini faranti a ka, an rufe shi da faifai, ya ce in kai wa maƙwabcinmu Alhaji Ɗanjuma. A ciki 'ya'yan itace ne jajaye sumul, waɗanda Baba ke kira tsadar Turawa. "Ki ce masa bishiyar ta haihu," in ji shi, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ni kuwa na san bishiyar nan ciki da bai, don ni ke ba ta ruwa. Daga Jos Baba ya taho da ita a gwangwani, mai aure ce, irin wadda ake haɗawa da reshen wata, ya dasa ta a tsakar gidanmu na unguwar Ambassatna, ya yi mata rumfar zana, ya hana awakin Inna sakat. Ba mai fita wasan carafke sai an kai mata bokitinta. Ganye kam ta yi, amma zafin garin nan bai bar ta ta yi ko fure ba. Tun ranar dashe Alhaji yake tsokanar Baba a majalisa, wai nan ƙasar magarya da aduwa ce, har Baba ya rantse a gaban mutane sai Alhaji ya ci ɗanta. 'Yan kasuwa suka riƙe maganar, kullum sai sun tambaye shi lafiyar amarya.

Na iske Alhaji a zaure da baƙi. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa, sai ga 'yar takardar nan mai gam ta kayan kanti manne a gindinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗora babban yatsa a kanta, ya murje ta, ya gatsi tsadar. Sauran ma ya bi su ɗaya-ɗaya da hannun riga, kamar ƙura yake gogewa, kafin ya miƙa wa baƙi. "Kalas, shi ke nan," ya ce, "ki gaya wa babanki ya kayar da ni."

Baba ya yini yana dariya, ni kuwa ko tuwon dare ban iya ci ba. Har ya koma ga Allah bai san an gane shi ba, Alhaji kuma bai taɓa ɗaga maganar ba.

Yau tsadar Turawa jibge take a kantunan unguwar Klémat, in na gan ta sai in sunkuyar da kai in wuce. Kunyar tana nan yadda take. Irin maƙwabcin ne na daina gani.