Ranar da Surukata Ta Damƙa Mini Ludayi

Jiya na bi ta wajen masu man kaɗanya a kasuwar Azare, ƙamshin ya tuno mini da marigayiya surukata, uwar matata. Bayarabiya ce, ta yi shekaru tana sayar da atamfa a garin nan.

Da ɓarin jikin Innata ya shanye, surukata ta rufe shago ta tare a ɗakin Inna. Kullum da hantsi tana murza mata ƙafafu da man nan, tana waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu.

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa Bafulatana, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba. Daga bakin ƙofa nake gaishe ta in juya.

Wata safiya surukata ta yaye labule, ta damƙa mini ludayin kunu. "Kunyar nan taku ta ishe ni. Shigo ka ba mamanka ta sha."

Na durƙusa na ɗebo kunun. Inna ta kau da ido, amma ta buɗe baki. Sati biyu na samu ina ba ta kafin ta rasu.

Mama surukata, ke kika ba ni sati biyun nan. Allah ya shayar da ke ruwan Aljanna.