Tsohon da Ya Zo Neman Littafin Marva

Delpha Openshaw tana zaune a shagonta na tsofaffin littattafai a garin Provo, tana kallon wani tsoho da ya daɗe tsaye a sashen tarihin cocin Mormon. Farar riga ce a jikinsa, ta sha guga, laktaye ya shaƙe masa wuya, ga shi yau ba Lahadi ba. Da ganinsa ka ga irin dattijan da suka tsufa suna shugabanci a coci.

Ya zaro littafin Marva Bybee, masaniyar tarihi wadda ta tono abin da magabatan cocin suka binne, har majalisar coci ta kore ta. Tun daga ranar aka daina kiranta 'Yar'uwa, yadda ake kiran kowace mace a cocin. Bara ta rasu.

Bai buɗe littafin ba. Ya juya bayansa, ya tsura wa hotonta ido, yana share mata fuska da babban yatsa. Delpha tana ta saƙe-saƙe. Ƙila maƙwabcin Marva ne da ya daina gaishe ta, ƙila kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar yanke hukuncin.

Ya ajiye littafin a gaban Delpha.

"Ɗan'uwa, na Dakta Bybee ka ɗauko?" in ji Delpha. "Ai yanzu har 'yan coci rububinsa suke yi."

Ya daɗe yana laluben aljihu.

"'Yar'uwa Bybee," ya gyara mata a hankali, kamar Marva, wadda ya kamata ta ji, tana bayan ƙofa.