Shinge Sun Kashe Mini Kwamfuta

Jama'a, ku zo ku ji abin kunya! Kuma wallahi ni na jawo wa kaina.

Ranar da na je Kano sayen kwamfutar haɗa bidiyo, mai shagon ya ce, "Malam, ɗauki wannan baƙar, ta fi jure aiki." Na ce Allah ya kiyaye, wannan akwatin gawayin? Na zaɓi mai gilashi da fitilu ja da kore, don 'yan Kankiya su san na iso.

Ɗazu da magariba aka ɗauke ruwa. Ina cikin haɗa bidiyon bikin wani ango daga Rimaye, yana zaune yana jira. Sai ga shinge kamar an aiko su! Suka bar ƙwan shagon, suka yi kan fitilun nan. Fankokin ciki suka zuƙe su. Ƙauri ya tashi, allo ya yi baƙi, aikin duk ya tafi!

Ango ya leƙa gilashin, ya dube ni, ya ce, "Maigida, wannan ta haɗa bidiyo ce ko ta suya?"

Ya karɓi memorinsa, wai gobe zai kai wa wani a Kusada.