Idon Yaya da Masu Karanta Littafi a Waya

Na daɗe ina sauraron littattafan nan da ake karantawa a waya, don haka in na zage su kada wani ya ce ban san abin da nake zagi ba. Mai ɗinki hannu da ido ne ke mata aiki, kunne zaman banza yake yi. Shagona na unguwar Maamobi ɗan ƙarami ne, yana kallon titi, tun safe ba abin da ke shigo mini sai ihun kwandastocin trotro, motocin hayarmu, da hayaƙin masu gasa kifi. Sai in toshe kunne ɗaya da labari, in bar ɗayan saboda masu kawo ɗinki. A haka na shanye littattafan da ni kaina ban san yawansu ba.

Da na soyayya na fara, su kuma suka fara ƙure ni. Saurayin kullum miskili ne, yana da kamfani a Abuja da wani a Dubai, amma ban taɓa jin ranar da ya je aiki ba. Sana'arsa ɗaure fuska da fesa turare. Marubuciya sai ta cinye kashi guda cur tana gaya mini kalar labulen falonsa, ni kuwa ina nan an ɗauke wuta, gumi na bin bayana, ƙafa ta kumbura a kan keken ɗinki. Ita yarinyar ba ta iya komai ba sai hawaye da turo baki. In ya mare ta a farko, na san kafin ƙarshe zai kai ta Umara, wai mu tafa mu ce so ne. A unguwarmu ta Nima namijin da ya mari 'yar mutane, kafin ya kai bakin lungu matan gida sun yi masa rubdugu.

Na yaƙi da takubba su ne kaɗai nake ɗan ragawa, don ba su taɓa cewa gaskiya suke faɗa ba. Jarumi ya kashe runduna shi kaɗai, ya hau tsuntsu ya tafi, ka ji daɗinka ka manta. Na bincike kuwa abin haushi ne. Ɗan sanda zai yi ta sintiri yana kaɗa kai, bai gano komai ba, sai mai laifi ya gaji don kansa ya zo ya tona asirin kansa. Na ban dariya, mai karantawa ne ke riga ka yin dariyar, kafin ya kai wurin abin ya huce. Ga ƙatti masu maƙale murya su yi maganar mata kamar an taka mage. Ga masu gaisuwa, sai sun gaishe da mutanen Saudiyya da na Sudan da surukansu kafin su karanta layi ɗaya. Yanzu har na'ura aka sa tana karantawa, ta faɗi mutuwar uwa da muryar da za ta faɗi farashin tumatir.

Duk wannan tsaki ne kawai, na yi na wuce. Abin da ba zan yafe ba shi ne asiri. A littattafan nan ba wanda ke yin ciwo don Allah ya kawo ciwo. Ciwon kai jifa ne, ɓari jifa ne, karayar jari jifa ce, kuma mai jifar ba ya taɓa zama bare. Aminiya ce, ko ƙanwar miji, ko wadda kuka sha nono ɗaya. Ka buɗe na soyayya yana ciki, ka buɗe na aljanu yana ciki, ka buɗe wanda aka ce na faɗakarwa ne, nan ma ya fi yawa.

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Atamfa ta sayar tsawon rayuwarta, tana sarowa daga Lome, kuma mace ce mai ido: daga nesa take gane ta gaske da ta jabu. Tana zaune a gidan mahaifinmu na Nima, gidan gado, inda kowane magaji ya kama ɗaki. Nata ne babba, kusa da famfo. Ni auta ce, ban samu komai ba sai albarka, ina haya a Maamobi da mijina, kuma ban taɓa ƙorafi ba.

Idonta na hagu ya tafi ba ta ma sani ba. Sai da ta fara karo da bokitai a tsakar gida muka kai ta asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne. A gabana ya yi mata bayani dalla-dalla. Na hagun ya mutu, ba ya dawowa. Na daman da saura, kuma maganin ɗigawa ba zai ƙara mata gani ba, aikinsa ya riƙe abin da ya rage. In ta daina, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Hannunta na rawa, ba ta iya saita kwalbar, sai ya zama ni ke ɗiga mata. Da safe kafin in buɗe shago in biya, da yamma in na rufe in sake biyawa.

Da ta bar kasuwa zaman ɗaki ya ishe ta. Ɗanta da ke Italiya ya aiko mata da babbar waya, aka kai wa masu waya na Circle aka cika mata da littattafai. Da farko mun ji daɗin abin. Ina ɗiga mata magani muna musu, ni ina zagin miskilan samari, ita tana kare su, tana cewa ai ni ban san daɗin namiji mai aji ba, na auri mai surutu. Takan yi dariya har hawayen maganin ya gangaro mata kunne. Amma ni ina sauraro ne ina yanka, ina awo, ina faɗa da masu sauya ra'ayi bayan an gama ɗinki. Ita ba ta da komai sai muryar. Daga sallar asuba har magariba, cikin ɗaki mai duhu, mutum guda ke magana a kunnenta.

Akwai wani littafi da ya zagaye unguwa a lokacin, ni ma na ji shi. Wata hajiya mai arziki ce ta makance, likitoci suka rasa gane kan abin. Ashe ƙanwarta ce, wadda ke jinyarta, ke sa mata wani abu a ido kullum da sunan magani, ta kuma binne yankin zaninta a bakin ƙofa don ta gaje gidan. Ranar da aka tono, ranar idon hajiya ya buɗe tar. Da na kai wurin na ja tsaki, na ce wannan marubuciyar ba ta taɓa bin layin asibitin ido ba, na ci gaba da kafa hannun riga.

Sai Yaya ta fara tambayoyi.

"Auta, maganin nan me ya sa yake da zafi haka?"

"Haka yake, Yaya. Likita ma ya faɗa."

"To tun da kika fara sa mini, me ya ƙaru?"

"Ba a ce zai ƙaru ba. An ce kada ya ragu."

Wata rana kuma, ina rufe kwalbar, ta ce, "Ɗakin da kuke haya, har yanzu yana yoyo?" Na ce yana yi, mai gidan ya ƙi gyarawa. Na ɗauka tausayina take ji, har na ƙara mata da labarin yadda muke tara robobi in hadari ya taso.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi na iso, na tarar da wani magini maƙwabcinmu durƙushe a bakin ƙofarta da guduma, yana fasa siminti. Matan gida sun yi cirko-cirko, wata da ludayi a hannu. Yaya na zaune a kujera ta ɗaura ɗankwali tsaf kamar mai jiran baƙi. Na matsa in ga abin da ake yi. Maginin ya zura hannu cikin rami ya fara fito da fasassun kwalabe, sannan ya jawo dunƙulen tsummoki.

Nan take na gane su. Shekarun baya ɓeraye suka addabi ɗakin, irin ƙattin nan na babbar kwata da ba sa tsoron mage. Yaya ta tafi Lome, ni na zo na daddaka kwalabe na cusa a ramin, na danna ƙyallayen shagona a kai, aka shafe da siminti. Kowa a Nima haka yake toshe ramin ɓera. Wata tsohuwa a gidan ma ta faɗa a wurin, ta ce, "Hajiya, ai wannan aikin ɓera ne, nawa ɗakin ma haka yake."

Yaya ba ta ko juya ba. Ta karɓi tsumman, ta kakkaɓe ƙasar, ta kai shi dab da idon da ya rage mata, ta murza da yatsa.

"Wannan atamfata ce," ta ce. "Wadda na sa ranar da na dawo daga Makka. Ke kika ɗinka ta."

"Ni na ɗinka, Yaya. Duk kayanki ni ke ɗinkawa, ƙyallen wa kike so a samu a shagona?"

"Kin ji ko? Ta amsa da bakinta."

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Na ce mata ni da na bar kwastomomi a tsaye kullum don idonta, ni ce yau mayya? Na ce ɗakin nata ko kyauta aka ba ni ba na so, ta jiƙa shi ta sha. Na ce wata 'yar ƙarya da ba ta san da zamanta a duniya ba ta fi mata ni. Ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Ajiye kwalbar ki fita. Kada hannunki ya sake zuwa fuskata."

Na ajiye a kan taga na fita. Har na kai titi ina magana ni kaɗai.

Ba irin ƙoƙarin da ba a yi ba. Limamin masallacin lungunmu, dattijon da ya san mu tun muna yara, ya zo har ɗaki ya ce mata ta ji tsoron Allah, zato zunubi ne, ta yi addu'a ta kuma riƙe magani. Ta ce ta gode, Allah ya saka. Yana sa takalmi ta mayar da abin sauraron wayar kunnenta. Matan gida suka ce su za su riƙa ɗiga mata, ta ce kwalbar ce ba ta yarda da ita ba. Aka sayo sabuwa a rufe, ta ce ai an riga an tono abin, ido zai buɗe da kansa, me za ta yi da magani mai zafi. Na kira ɗanta, ya ce, "Anti, a bi ta a hankali, tsufa ne." Da wani ya taho daga can, sai ya aiko mata da ƙaramar lasifika, wai kada kunnenta ya yi ciwo.

Ita marubuciyar ban san ta ba, ban san garinsu ba. Na san dai in aka tare ta za ta ce ƙirƙira ce, ba ta yi don wani ba, haka suke faɗa a farkon kowane littafi. To ni ina da tambaya. Da kika zauna kika rubuta cewa makaho na warkewa da tono, wa kike tsammani zai fi kasa kunne? Mai ido yana da abin kallo. Wanda ya fi kowa sauraron ki shi ne wanda duhu ya fara rufewa, yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ke kuma kika miƙa masa hannun da ke jinyarsa. Shi kuma mai karantawa har da sa kiɗan tausayi a ƙasa, yana cewa a danna a bi shi.

Damina ta shigo ta wuce ban taka gidan ba. Ina dafa abinci in ba wata maƙwabciyarta ta kai mata a matsayin nata, don in ta ji daga ni ne ba za ta ci ba. In na bi ta bakin lungun in kau da kai. Ina fushi da ita, ina kuma lissafin idon a raina kullum, ina sane da abin da ke faruwa da shi ba mai tsayarwa.

Maƙwabciyar ce ta zo shago wata safiya ta ce Yaya ta zo zuba ruwan zafi a kofi ta zuba a ƙafarta. Sun kai ta asibiti saboda ƙunar, daga nan aka duba idon. Likita ya ce na daman ma ya tafi, ba sauran abin riƙewa. Ya ba da magani dai, don ciwon da idon ke mata ya lafa. Ta ce kuma Yaya ta ce a kira ni.

Na tarar da ita a bakin gado, ƙafar a naɗe da bandeji, wayar a kife gefe. Na yi sallama, ta amsa. Ban zauna ba.

"A littafin," ta ce, "ranar da aka tono, ranar ta gani. Ita ƙanwar kuma ta haukace, ta shiga kasuwa tana faɗin abin da ta yi."

"Na sani. Na ji shi."

"Kullum sai na tambaya ko kin fara sambatu. Sai a ce mini kina shago kina ɗinki."

Na zo da maganganu cike da baki, na tanade su tun daga Maamobi, ko ɗaya bai fito ba. Ita ma ba ta ce in yafe mata ba. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro kwalbar ta miƙo, na karɓa na buɗe. Ta ɗaga haɓa, ta sa yatsa ta ja fatar idon ƙasa da kanta, ta juyo da fuskarta wajen ƙofa inda ta ji muryata, tana jira. Ni kuwa na riga na zagayo ta ɗaya gefen, ina tsaye dab da kafaɗarta.