Cikin da Ya Kwanta a Gicciye

Haihuwata ta biyu, hannu ne ya fara fitowa. Ina durƙushe a ɗakina a Sara, ungozomar unguwarmu ta leƙa ta ga ɗan hannu a waje, yatsu a dunƙule, sai ta kama salati. Ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ni na tashi da ƙyar, yaron bai tashi ba. Mata suka ce ƙaddara ce, na ce haka ne. Amma ni 'yar makiyaya ce, na sha ganin babana ya naɗe riga ya zura hannu cikin saniya har kafaɗa ya gyara kwanciyar ɗan maraƙi. A raina na ce, saniya tana da mai gyara mata, ni ba ni da shi?

Da na sake samun ciki ya tsufa, sai na ga faɗi yake yi, ba ya yin tsini. Haka wancan ya yi. Ban gaya wa kowa ba, don a gidanmu mace ba ta zancen cikinta, ba ta ma shafa shi a gaban mutane. Ranar kasuwa na ɗauki ƙwaryar nono na hau babbar mota zuwa Birnin Kudu. Shekarar da aka koma tuƙin hannun dama ce, direban sai zagin masu keke yake. Na sayar da nonon tun da hantsi, na tambayi inda ake awon ciki.

Sistar da ke wurin wata doguwa ce daga can ƙasar duwatsu ta kudu, Hausarta a karye, bakinta da kaifi.

"'Yar Fillo, hau gado. Ajiye ƙwaryar nan, ba mai sace miki."

"Ni ba ciwo nake ba."

"To fura kika kawo mana? Kwance zane."

Ko uwata ba ta taɓa ganin cikina a buɗe ba. Na kwance, na kafe idona a rufin ɗaki. Sai da ta murza tafukanta suka yi ɗumi sannan ta ɗora mini su. Ta danna nan, ta danna can, ta daina wasa.

"Na baya, me ya fara fitowa?"

Ban faɗa mata an yi wani na baya haka ba. Na ce, "Hannu."

"Wannan ma hanyar yayansa ya ɗauko. A gicciye yake. In naƙuda ta same shi haka, sai an yi miki aiki an ciro shi, in kin iso da wuri ke nan. In ba ki iso ba, kin fi ni sanin sauran."

Na ce, "Hannu za ki zura ki gyara shi?"

Ta yi dariya har da dafa gado. "Ke saniya ce? Kawo hannunki."

Ta kama yatsuna ta kai su gefen dama. "Danna. Ba ƙwai ba ne, danna sosai." Na danna, sai na ji wani abu mai tauri a mulmule. Na tura shi ya matsa, ya dawo ya bugi yatsuna, kamar ɗan duma a cikin randa. Ta ce, "Kansa ke nan." Ta ja hannuna hagu, wuri mai taushi, ta ce ɗuwawu ne. Ta bi da shi kan wani abu dogo mai santsi, ta ce gadon baya ne.

Na san ciki yana motsi, ciki biyu na ɗauka kafin wannan. Amma a ganina abin da ke ciki a rufe yake, babu mai saninsa sai ranar da ya faɗo. Ashe mutum ne sosai kwance a jikina, da kai da baya, fata ce kawai tsakanin tafina da ƙeyarsa. Ta ce a yanzu haka yana da farce da gashin ido, yana tsotsar yatsa, yana jin muryata. Na tambaye ta wani ɗan bugu da nake ji a jere, cif, cif, kamar ana ƙyasta yatsa. Ta ce shaƙuwa yake yi. Shaƙuwa! Mutumin da bai taɓa shan ruwa a moɗa ba! Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, a can na ga hoton jariri a naɗe cikin mahaifa. 'Yan ajin suka rufe baki suna dariya, ni ko gezau, don hannuna ya riga idona ganinsa.

Ta barbaɗa mini hoda, hannu ɗaya a kan, ɗaya a ɗuwawun, ta fara tura shi a hankali. Da zafi. Ya tafi kamar zai bi, sai ya sandare ya harbi hannunta. Nan take ta saki, ta ɗora wani ɗan mazurari na ƙarfe a cikina ta kafa kunne, ta daɗe tana saurare.

"Ya ce ba yau ba. Taurin kai irin na uwarsa. Ba a yi musu dole. Ki dawo wani makon, kuma ki dawo da kayanki, kusa da asibiti za ki zauna har ki sauka."

Nan ne matsalar. Wa zai bar ni na tare a Birnin Kudu da tsohon ciki? Washegari da rana na tarar da mijina shi kaɗai a bayan rumbu yana gyaran fartanya. Na gaya masa, ya ce, "Ke, wace irin magana ce wannan tsakar rana? Matan gidan nan duk a ɗaki suke haihuwa." Ban yi masa musu ba. Na cafko hannunsa na danna shi a gefen dama. Ya fizge kamar ya taɓa garwashi, ya waiwaya ko wani ya gani.

"Kan ɗanka ne. Nan yake, ba inda ya kamata ba. Wancan ma nan yake."

Can sai ya mai da hannun da kansa, ya tura kaɗan, abin ya dawo ya buge shi. Ya ce, "Subhanallahi." Shi ya je ya fuskanci surukata, shi ya kai ni gidan Goggo, ƙanwar babana, da ke aure a Birnin Kudu.

A karo na biyu na saki jiki kamar yadda Sista ta koya mini. Ta ɗaga, ta tura, ta jira. Sai na ji duk cikina ya birkice lokaci guda, kamar babban kifi ya juya a cikin daro. Na duba, faɗin nan ya tafi, ciki ya miƙe tsaye. Ta sake kafa kunne, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Ba ni na juya shi ba fa. Hanya na nuna masa, ya ga dama."

Ta naɗe tsumma biyu ta tokare gefe da gefe, ta ɗaure da zane. Ta ce kullum da safe na lalubi kan a ƙasan mara, ranar da na rasa shi a can na rugo. Haka na yi, kowace safiya gabana na faɗuwa har sai yatsuna sun same shi.

Naƙuda ta zo ina taya Goggo tankaɗe, ta raka ni asibiti. A wurinmu mace ba ta buɗe baki a kan gwiwa, kuma ban yi ihu ba. Amma tambaya kam na dami Sista da ita.

"Me ya fito? Sista, don Allah me kika gani?"

"Yi nishi, ke dai!"

"Sai kin faɗa mini."

"Gashi ne, sarkin tsiwa. Gashi baƙi wuluk. Yi nishi!"

Mace ce. Tun ba a yanke cibi ba ta tsala kuka, Goggo ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Na kwanta ina kallon ɗan bakinta a wangale tana ta masifa, ban ce kowa ya lallashe ta ba.