Gishiri Cokali Shida

Shekarar da muka shiga aji biyar aka yi wa malamin 'yan aji shida canjin makaranta, ba a kuma turo wani ba. Sai malaminmu ya zama shi ke riƙe da azuzuwan biyu. Makarantarmu tana wani ƙaramin gari ne a ƙasar Babura, ɗakunan biyu suna jere, bango ɗaya ya raba su. Yadda Malam ya tsara abin shi ne, in zai koyar a can sai ya bar mana littafinsa na darasi, ɗaya daga cikinmu ya rubuta a allo, saura su kwafa. In ya samu sarari ya dawo ya yi bayani, mu maimaita bayansa. Ni ya zaɓa, domin rubutuna yana da tsabta kuma ba ni da surutu. 'Yan aji suka sa mini magatakarda.

Aikin ya yi mini daɗi. Nakan hau benci in juya wa kowa baya, littafin Malam a hagu, alli a dama, ba mai neman in buɗe baki. Idan na gama sai in zauna in kwafi nawa kai tsaye daga littafin, in ja layi da rula a ƙarƙashin kowane kai.

Wata Alhamis cikin damina darasin kiwon lafiya ya faɗo kan ruwan gishiri da sikari, wanda ake ba yaro mai gudawa. Yawancin darussanmu da Turanci ne, amma wannan da Hausa Malam ya rubuta shi. Kafin ya fita ya ce, "Wannan ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Kowa ya je gida ya karanta wa babarsa." Ina cikin rubutu wata yarinya da ke zuwa daga rugar da ke bayan gari ta ce in matsa, kaina ya tare mata. Ta ce ƙanenta kwana biyu ke nan yana gudawa, tana so ta kwafa daidai. Na matsa. Malam bai dawo ba har aka tashi, domin 'yan aji shida suna shirin jarrabawar fita. Mai shara ya goge allo.

Washegari Juma'a, lokacin hutun ƙarfe tara, abokin zamana ya turo mini littafinsa. Rubutunsa ko shi kansa ba ya iya karantawa.

"Magatakarda, duba mini nan. Me na ce?"

Na duba. Ruwa tafasasshe lita ɗaya, gishiri ƙaramin cokali shida, sikari rabin cokali.

"Ka juya su," na ce a hankali. "Sikari ne shida, gishiri rabi."

"Ni na juya? Yadda ka zana haka na zana. Ai ni ba na ƙari."

Na buɗe nawa, daidai yake da na Malam. Na leƙa littafin na bayanmu, gishiri shida. Na bi benci uku ina buɗe littattafan waɗanda suka fita wasa, kowanne gishiri shida. Idona ne ya tsallake layi a kan allo, kuma a ajinmu ba a musu da allo. A ƙasan shafin akwai wata jimla da Malam ya ja wa layi biyu, wadda na kwafa da hannuna: gishiri in ya yi yawa yana iya kashe yaro. Na waiga bencin yarinyar nan. Ba ta zo ba.

Ya kamata in ce nan take na ruga wurin Malam, amma ban ruga ba. Na zauna. Aka dawo daga tara, aka ci gaba da hayaniya. Na ce wa kaina wataƙila ba su da sikari a gida. Na ce wataƙila shanu ta bi. Na tuna bulalar Malam, na tuna za a karɓe allin a ba wani, sannan na tuno yaron da ban taɓa gani ba, ana ɗaga masa kai ana ɗura masa abin da na rubuta. Sau biyu ina zuwa ƙofar aji shida ina komawa. A na uku wani babban yaro ya hango ni.

"Malam, ga magatakardanka yana ta safa da marwa."

Aka yi dariya. Malam ya ce in shigo. Na shiga. Sai na buɗe littattafan biyu, nawa da na abokin zamana, na miƙa masa, na ɗora yatsa a kan layin. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Duk ajin?"

Na gyaɗa kai.

Bai ɗauki bulala ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Ya shigo ajinmu ya rubuta daidai da manyan baƙaƙe, ya sa kowa ya soke na jiya, ya bi benci benci yana dubawa. Ya tambaya ko akwai wanda ya haɗa a gida. Babu. Ya tambaya wa bai zo ba. A nan ne na yi magana, na faɗa masa abin da yarinyar ta ce game da ƙanenta. Ya dube ni.

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun tara, Malam."

Ya dubi agogonsa. Ya ɗauki makullin babur ya ce in biyo shi.

Hanyar rugar ta ratsa gonakin gero, ruwa ya kwanta a wurare. Ina bayansa na riƙe ƙarfen kujera, ina kasa kunne tun daga nesa ko zan ji kuka. Kowane tsuntsu ya yi ƙara sai in ɗauka kukan ne. Da muka isa babu kuka, sai 'yan maruƙa a ɗaure da wata mata tana wanke ƙwarya. Yarinyar tana zaune a bakin bukka. Da ta ga Malam ta miƙe ta durƙusa.

Malam ya yi sallama, suka gaisa da matar, gaisuwar da na ji kamar ba za ta ƙare ba. Sannan ya ce, "Inna, ina mai jikin?"

"Babansa ya kai shi asibitin Babura tun da safe."

"An ba shi ruwan gishirin nan?"

"Ta haɗa jiya da la'asar," matar ta ce, tana nuna 'yarta da haɓa. "Na dawo daga tallan nono na tarar ta ba shi cokali biyu, ya amayar. Na ɗanɗana na tofar. Na ce wannan ai na lasar shanu ne. Ta hau kuka, wai haka aka rubuta a makaranta, wai ni ban yi boko ba. Na ce ban yi ba, amma ina da harshe. Na zubar."

Malam ya sauke numfashi. Ya ce, "Kin yi daidai, Inna. Kuskure ne daga wurinmu. Ni na rubuta."

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Ta san hannun da ya riƙe allin, ita ce ta ce in matsa.

"Ni ne, Inna," na ce. "Ni na rubuta a allo."

Matar ta ajiye ƙwaryar, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, sannan ta juya wurin Malam.

"Wannan ɗan mitsitsin ne yake koya musu?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ya karɓi littafin yarinyar ya gyara da hannunsa, ya karanta wa matar ma'aunin sau biyu, ita ma ta maimaita. Muka juyo. Da muka shiga gari na sauka, ya ce in je in yi shirin masallaci.

Asabar da Lahadi ban iya cin abinci sosai ba. Babata ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, na ce a'a. Ban san wanda zan tambaya labarin yaron ba, kuma ban san ko cokali biyu sun isa su yi illa ba. Duk babur ɗin da ya fito daga wajen Babura sai na bi shi da ido.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Malam ya shigo da tulun ruwa da gishiri da sikari a ƙulle, ya ce yau kowane benci zai auna ya haɗa ya ɗanɗana, 'yan aji shida ma su shigo su tsaya a baya. Ana cikin jan benci yarinyar ta shigo a makare, ƙafafunta duk laka. Ta bi ta gefena za ta wuce, sai ta tsaya.

"An sallamo shi jiya," ta ce. "Har ya sha kunu."

Na buɗe baki in ce Allah ya ƙara sauƙi, kafin maganar ta fito ta riga ta kai bencinta.